Za mu Armeniya, amma an saka mana garin giya a cikin tsarin tafiya

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san Armeniya. Baban Ilham zai ɗauki hutu farkon Oktoba, za mu je da yara daga nan Dubai. Masu shirya tafiyar sun turo mana tsari. Yerevan, babban birnin ƙasar, da tafkin Sevan ba matsala, sai wani lardi wai shi Vayots Dzor. An rubuta kogon Areni, da Noravank, da Jermuk, sannan a tsakiya aka cusa "ziyarar gidan giya da ɗanɗanawa". Da na bincika, ashe lardin ma da giyar inabi aka san shi. Ni dai raina ya ce a cire shi gaba ɗaya, shi kuma ya ce ai ba giya kaɗai ke wurin ba. Wanda ya taɓa zuwa ya taimaka mana.

Abu Sumayya:
Wa alaikumus salam. Hajiya, ki bi abin da ranki ya gaya miki. Hadisi ya ce ka bar abin da ke sa ka kokwanto zuwa wanda ba ya sa ka kokwanto. Ƙasar Allah da faɗi, me zai kai Musulmi da iyalinsa garin da sana'arsu ke nan? Ku ƙara kuɗin ku yi Umra.

Ɗan Fage:
Anti, ni a Yerevan nake karatun likita, kuma hanyar nan na san ta. Gaskiyar magana ita ce ku duka biyun kuna da hujja. Ƙauyen Areni da giya yake ci, ba wanda zai ɓoye miki wannan. Yana kan babbar hanyar da ta tashi daga Yerevan ta gangara kudu har iyakar Iran, kamar kilomita 110 daga birnin, tafiyar awa biyu a mota. Tun kafin ki shiga ƙauyen za ki fara ganin rumfuna a bakin titi.

Amma Areni ƙofar lardin ce kawai. Lardin duk duwatsu ne da kwazazzabai, kuma shi ne mafi ƙarancin jama'a a ƙasar, mutanensa ba su wuce dubu 50 da wani abu ba. Wanda ya cire shi daga tafiyar Armeniya, a ganina ya cire tsokar ya riƙe ƙashi.

Abu ɗaya da zan ja kunnenki a kai tun yanzu saboda yara: a rumfunan nan, a cikin robobin Coca-Cola suke zuba giyar da suka haɗa a gida. Launin ya yi kama, murfi a rufe. Kada yaro ya ce yana jin ƙishi a miƙa hannu a saya. Akwai kuma wata barasa da suke tacewa daga 'ya'yan itace, oghi suke ce mata, fara tas kamar ruwan sha, ita ma a robar ruwa take zuwa. Abin sha dai a saya a kanti.

Kawu Direba:
To me ya sa sai a robar Coca-Cola? Tulu ya ƙare a garin ne?

Ɗan Fage:
Kawu, abin da mutanen wurin ke faɗa shi ne saboda direbobin tirela na Iran. Hanyarsu ce, kuma a ƙasarsu an hana giya tun 1979. Sai dai ni ina ganin har da araha, roba ai kyauta ake tsinta.

Kawu Direba:
Allah Ya shirya mu. Na yi shekaru ina jan babbar mota, ban taɓa zaton zan ji an yi wa 'yan sana'armu irin wannan tanadi ba. A ci gaba, ina sauraro.

Malam Na Tudu:
Bismillah. Tambayar Maman Ilham guda ɗaya ce a baki, amma mas'aloli uku ne a ciki, kuma idan aka cakuɗa su sai a haramta halal ko a halatta haram.

Taka ƙasar da ake noman inabi ana matse shi, wannan ba laifi ba ne a kan kansa. Da laifi ne, da Sahabbai ba su zauna a Sham ba. Alƙur'ani ma cewa ya yi ku yi tafiya a bayan ƙasa ku duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance.

Zama a teburin ɗanɗanawa kuwa, ko da ruwa kike sha, wannan a bar shi. Tirmizi ya ruwaito cewa wanda ya yi imani da Allah da Ranar Lahira kada ya zauna a kan teburin da ake zagayawa da giya. Ba a ce sai ka sha ba, zaman kansa aka hana.

Sai ta ukun, wadda mutane suka fi sakaci da ita: kuɗi. An la'anci mutum goma a kan giya, ciki har da mai sayenta, da mai ɗaukarta, da wanda aka kai wa. Idan kuɗin ɗanɗanawar yana cikin jimillar da za ku biya, to kun saya ko ba ku sha ba. Ku ce a cire shi daga lissafi, a rubuce. Kuma kada Baban Ilham ya ce zai riƙo wa abokin aikinsa kwalba a matsayin tsaraba don shi addininsa bai hana shi ba. Mai ɗauka yana cikin goman.

Abu Sumayya:
Allah Ya gafarta Malam, Sahabbai jihadi da da'awa da fatauci suka kai su, ba shan iska ba. Akwai manyan malamai da suka hana tafiya ƙasar da ba ta Musulmi ba sai da lalura, kamar magani ko ilimin da babu shi a gida. Ɗan Fage yana da uzuri, karatu ya kai shi. Yawon buɗe ido fa?

Malam Na Tudu:
Fatawar tana nan, na san ta, kuma ban raina masu ita ba. Wasu malaman kuma sharaɗi suka sa: mutum ya iya bayyana addininsa, ya tsayar da sallarsa, ya amince wa kansa daga fitina. Ni da wannan nake fatawa. Wanda ya ɗauki ta farko don tsantseni ya kyauta, amma kada ya mayar da ita sanda.

Anti Malama:
Ku bar ni in sa baki ta ɓangaren da na sani, tunda tarihi nake koyarwa. Maman Ilham, ƙanwata, kogon nan da aka rubuta muku shi ne dalilin da duniya ta san sunan Areni, kuma abin da ya fara fito da shi takalmi ne.

A 2008 wata ɗalibar jami'a 'yar Armeniya, Diana Zardaryan, tana cikin masu tono a kogon, ta ci karo da takalmin fata a cikin wani rami. Da aka auna shekarunsa sai aka samu kusan 5,500. Har yau shi ake lissafawa a matsayin takalmin fata mafi daɗewa da aka sani, ya girmi manyan dala na Masar da kusan shekara dubu. Fatar saniya ce guda ɗaya aka naɗe ta da siffar ƙafa, aka ɗinke da tsirkiyar fata gaba da baya, aka cusa ciyawa a ciki. Na ƙafar dama ne, girmansa kamar lamba 37. Abin da ya hana shi ruɓewa shi ne sanyi da bushewar kogon, da kuma kashin tumaki da ya taru a kansa ya daskare ya toshe iska. Takalmin yanzu yana gidan tarihi na ƙasa da ke tsakiyar Yerevan, don haka ku fara ganinsa can kafin ku je inda ya fito, yara za su fi fahimta.

Sannan a 2011 aka sanar da ɗaya abin: wurin matse inabi mai shekara kusan 6,100. Wani faffaɗan kasko ne na yumɓu da ake tattake inabi da ƙafa, ruwan ya gangara cikin randa da aka binne, mai cin sama da lita 50. An samu 'ya'yan inabi da busassun rassa a gefe, ga kuma kaburbura kewaye da wurin, abin da ya sa masu binciken ke ganin shan yana da alaƙa da bukin binne mamaci. Wato mutanen nan shekara dubu shida ke nan suna wannan aiki a kwari ɗaya. Ba sai ka yarda da sana'ar mutum ba kafin ka tsaya ka yi mamakin daɗewarta.

Baban Khalifa:
Anti Malama ta iya ba da labari, amma ni da na shiga kogon ban ga abin a zo a gani ba. Ramuka ne da bakunan tukwane da igiyoyin da aka kewaye su da su. Takalmin ba ya nan, ba wani dogon bayani a bango. Idan ba ku samu mai rakiya da ya san abin ba, minti kaɗan yara za su fara cewa a tafi. Sa'ar da aka yi, a bakin mahaɗar da ake juyawa zuwa Noravank yake, ba sai an yi masa tafiya ta musamman ba.

Noravank kuwa, wannan ko ni da ba na son tsofaffin gine-gine na yi shiru. Ana barin babbar hanya a shiga wani matsattsen kwazazzabo, kamar kilomita 8, dutse dama dutse hagu, sai kawai wuri ya buɗe ka ga ginin a zaune a tsakiyar jajayen duwatsu. Ku je da la'asar, lokacin da rana ke dukan dutsen.

Maman Ilham:
To ai Noravank ɗin ma na ga coci ne. Malam, shiga fa?

Ɗan Wusasa:
Kafin Malam ya amsa, bari in faɗi abin da ke wurin, tunda ni Kirista ne kuma na je ibada da kallo duka. Gidan ruhubanawa ne, yawancin gininsa na ƙarni na 13 da na 14, lokacin da sarakunan gidan Orbelian ke riƙe da yankin, kuma kaburburansu na nan a ciki. Cocin da ake yawan ɗauka a hoto, mai hawa biyu, an gama shi a 1339. Aikin wani gwani ne mai suna Momik, wanda magini ne, mai sassaƙa ne, kuma mai zanen littattafai. Matakalarsa a jikin bangon gaba take, siririya, ba abin riƙewa. Ko an ce an bari a hau, Hajiya, kada ki bar yaro ya gwada.

Abin da ya kamata ku sani a matsayinku na Musulmi: a saman ƙofar ɗaya ginin akwai sassaƙen da ke nuna Ubangiji da siffar mutum, yana riƙe da kan Adamu. Gara ku ji daga bakina da ku je ku yi kiciɓis. Wurin kuma har yanzu ana ibada a ciki, ana kunna kyandir, ana ɗaura aure. Mata da yawa suna rufe kai idan za su shiga, don haka hijabinki ba zai zama baƙon abu ba. Armeniyawa suna alfahari da cewa su ne ƙasar farko da ta karɓi Kiristanci a hukumance, a shekarar 301 bisa lissafinsu, kuma cocinsu daban yake da na Katolika da namu.

Malam Na Tudu:
Na gode, ɗan uwa, ka yi adalci da ka faɗa. Malamai sun saɓa a kan shiga. An ruwaito Sayyidina Umar ya ƙi shiga coci saboda siffofin da ke ciki, wasu kuma sun halatta idan ba lokacin ibadarsu ba ne. Mafita mai sauƙi: ku tsaya a farfajiya. Dutsen da Baban Khalifa ke yabo ai a waje yake. Kuma a kiyaye harshe, a hana yara dariya ko nuni. Suratul Hajji aya ta 40 ta ambaci gidajen ruhubanawa da majami'u tare da masallatai a cikin abin da Allah Ya kare daga rushewa.

Ɗan Wusasa:
A hanya kuma za ku ga dutsen Ararat ta hannun dama idan gari ya yi garau, inda jirgin Nuhu ya tsaya. Mutanen wurin za su ce muku Nuhu ne ya fara dasa inabi bayan ya sauko.

Abu Sumayya:
A'a. Judiyyu Alƙur'ani ya ce, Suratu Hud aya ta 44. Kuma abin da ake jingina wa Annabi Nuhu bayan dasa inabin, mu ba mu yarda da shi ba, Annabawa an tsare su.

Ɗan Wusasa:
Abin da ke littafinmu da abin da za su ji a bakin mai rakiya na faɗa, ban ce ku ɗauka ba.

Shugabar Zaure:
Kowa ya faɗi nasa, a tsaya nan don Allah. Duwatsun biyu ma yau a cikin Turkiyya suke, ba mai hawa ko ɗaya a tafiyar nan. A koma kan tambayar baiwar Allah.

Anti Malama:
Abin da ya ba ni haushi da tsarin da aka turo muku shi ne sun saka gidan giya sun bar zangon Orbelian, wanda wasu ke kira zangon Selim. Ki ce musu a musanya.

Daga wajen Yeghegnadzor, babban garin lardin, akwai hanyar da ta hau arewa ta tsallaka duwatsu zuwa tafkin Sevan. Can kusa da ƙololuwa, mita 2,410 sama da teku, akwai masaukin fatake da aka gina da baƙin dutse a 1332, kuma shi ne wanda ya fi tsira da siffarsa a duk ƙasar. Ƙofa ɗaya gare shi, saboda ɓarayi da sanyi. Ciki dogon zaure ne mai layi uku da ginshiƙai, ga komayen dutse na dabbobi, haske kuma ta wasu ramuka a rufi yake shigowa, hayaƙi ya fita ta nan. Mutum da dabbarsa rufi ɗaya suke kwana, ɗumin dabbar na taimakon mai ita.

Rubutu biyu ne a wurin. Na saman ƙofa da Farisanci, ya kusa gogewa. Na ciki da Armeniyanci, inda mai ginin, Chesar Orbelian, ya ce da dukiyarsa ya gina don ceton ransa da na iyayensa, ya roƙi masu wucewa su tuna da shi, ya kuma ambaci sarkin zamanin, Abu Sa'id, Musulmi daga zuriyar Mongol da ke mulkin Iran da Iraƙi. Basarake Kirista, a ƙarƙashin sarki Musulmi, ya yi wa matafiyin da bai sani ba masauki. Wannan ya fi kwalba abin nuna wa yara.

Ɗan Damagaram:
Anti, Abu Sa'id ɗin nan ba shi ne wanda Ibn Battuta ya gani a Bagadaza ba? Ya bi ayarinsa a 1327 kafin ya ratse zuwa Tabriz. Shi dai Ibn Battutan nan ne daga baya, a 1353, ya zo Takedda a ƙasarmu ta Nijar. Mutum ɗaya ya ga sarkin da sunansa ke jikin bangon can, ya kuma sha ruwan Ayar.

Anti Malama:
Shi ne, ɗana. Ka biya kuɗin makarantarka.

Alhaji Na Kumasi:
Ni duk bayanin nan zangon ne ya kama ni. Kakanninmu da suka bi hanyar goro daga Kano zuwa Gwanja haka suka yi ta sauka zango zango da jakunansu, har inda muke zaune yau sunan bai bar mu ba. Bambancin, su ba su buƙaci rufin dutse ba don ba dusar ƙanƙara ke korarsu ba. Maman Ilham, in kin je ki ɗauko mana hoton komayen.

Baban Khalifa:
A riƙe rigunan sanyi masu kauri. A ƙasa wajen Areni farkon Oktoba rana na da daɗi, amma a zangon iska ce mai shiga ƙashi. Da hunturu kuma dusar ƙanƙara kan rufe hanyar. Cikin ginin da duhu, a kunna fitilar waya, ƙasan ba daidai yake ba.

Maman Ilham:
Kun fara sauya min ra'ayi. Saura abinci da salla. Yarana ba sa wasa da ciki.

Ɗan Fage:
Nama shi ne inda za ki sa ido, fiye da giyar ma, domin ita a fili take. Gasasshen namansu, khorovats, mafi yawa na alade ne, kuma ko kin ce na rago ko kaza, a kan wuta ɗaya da tsinke ɗaya ake gasawa. Ki riƙe kalmar "khoz", alade ke nan. A Yerevan akwai gidajen abincin Iraniyawa da Indiyawa masu halal, a lardin kuwa kada ki sa rai. Mu abin da muke yi, kifi. Ana samun kifin ruwan sanyi a gidajen abincin bakin kogin Arpa, ki ce a gasa shi daban cikin takardar gashi, kuma kada a zuba masa giya.

Sauran kuwa sai kin ture. Lavash, burodinsu mai faɗi marar kauri da mata ke gasawa a tanderun da aka haƙa a ƙasa. Cukun awaki da ake cusawa a tukunya da ganyaye a binne ta har ya nuna, wannan na yankin Yeghegnadzor ne, da gishiri sosai. Kindirmonsu matsun, da tan, wato kindirmon da aka tsinka da ruwa da gishiri. Gata, wani burodi mai zaƙi. Zuma. Kuma lokacin da za ku je kakar inabi ce, ga tuffa, ga busassun 'ya'yan itace. Akwai wani abu da za ki ga an rataye kamar kyandir, ƙwayoyin gyaɗar bishiya ne aka zura a zare aka tsoma a ruwan inabin da aka dafa ya yi kauri. Ba ya bugarwa, dafa shi aka yi ba a bar shi ya yi tsami ba.

Idan wani ya gayyace ku gida, za a kawo kwalba, don a wurinsu karramawa ce. Tun a bakin ƙofa Baban Ilham ya dafa ƙirji ya ce ku Musulmi ne. Sun saba da baƙi daga Iran, ba sa jin haushi, sai su kawo kofi da ruwan 'ya'yan itace.

Salla kuma, masallaci ɗaya ne ke aiki a ƙasar, Shuɗin Masallaci na Yerevan, ginin shekarun 1760, Iraniyawa ke kula da shi. A lardin sai dai ku shimfiɗa darduma inda kuka samu. Alƙibla tana kudu da ɗan karkata yamma, kada a fuskanci gabas bisa sabo.

Malam Na Tudu:
Matafiya ne, su yi ƙasaru, Juma'a ma ba ta wajaba a kansu ba. Inabi kuwa su saya su ci su ƙoshi. Wanda aka hana shi ne sayar da shi ga wanda ka san matsewa zai yi.

Abu Sumayya:
Kun ji da kunnenku: ba masallaci, nama sai an yi bincike, abin sha sai an duba roba. Duk wannan wahala don a ga dutse. Ni dai ina nan a kan bakana. Allah Ya tsare su, amma ba zan ce su je ba.

Injiniya Bello:
Ba wanda ya yi maganar Jermuk da tsaro, kuma su ne suka fi damuna da na ga akwai yara.

Jermuk garin ruwan zafi ne mai fitowa daga ƙasa, sama da mita 2,000 a kan dutse, kusan kilomita 170 daga Yerevan. Tun zamanin Tarayyar Sobiyet ake tura marasa lafiya can su yi jinya. Akwai wata doguwar rumfa mai ginshiƙai inda ruwan ke zubowa ta famfuna cikin tuluna na dutse, kowanne da zafinsa, daga digiri 30 har sama da 50, kyauta kowa ke tara kofinsa. Ɗanɗanonsa kamar an jiƙa ƙarfe da kanwa, yara za su tofar. Akwai kuma ruwan da ke zubowa daga kan dutse, tsayin kusan mita 70.

Ni abin da ya kai ni shi ne dam ɗin Kechut da ke ƙasa da garin. Sobiyet sun yi ta jan ruwan tafkin Sevan don noma da lantarki har ya sauka da kusan mita 19. Don a ceto shi sai aka fasa dutse, aka yi hanyar ruwa mai kilomita 48 daga nan zuwa tafkin, aka buɗe ta a 1981. Wannan ne ma ya sa rigimar haƙar zinariya a dutsen Amulsar da ke kusa ta yi zafi, har mutanen garin suka tare hanyar wurin a 2018, suna tsoron abin da zai gangara cikin ruwansu.

Tsaro kuma: lardin yana tsakanin Azabaijan ta gabas da yankinta na Nakhchivan ta yamma. A Satumban 2022 an yi luguden wuta a kewayen Jermuk. A 2023 Armeniyawa sama da dubu 100 suka baro Karabakh, yankin da Armeniya da Azabaijan suka daɗe suna rikici a kansa, da yawansu ta wannan hanya suka bi. A Agustan 2025 shugabannin ƙasashen biyu sun haɗu a Washington sun amince da daftarin zaman lafiya. Duk da haka ku tsaya kan manyan hanyoyi, kada ku ɗauki hoton sojoji ko shingensu, kuma kada ku ja direba da gardamar Karabakh. Kusan kowane gida akwai wanda abin ya taɓa.

Baban Khalifa:
Jermuk ni ban ga ta kai a kwana ba idan ba jinya aka je ba, tsofaffin otal ne da tsofaffin mutane suna zagaye da kofi a hannu. Da ni ne, kwarin Yeghegis zan ba lokacin. A ƙauyen Shatin akwai wurin da ake tsayawa a hango awakin dutse masu dogayen ƙahoni, da sassafe ko gab da magariba suke saukowa. Gaba kaɗan ga kagarar Smbataberd a kan tsauni, sai dai hawanta ba na ƙananan yara ba ne. A Yeghegis ɗin kuma akwai cocin Zorats na 1303 wanda ba shi da zauren jama'a, a fili mayaƙa ke tsayawa bisa dawakansu a sa musu albarka, da wata maƙabartar Yahudawa ta ƙarni na 13 da na 14 a tsallaken rafi.

Injiniya Bello:
Ka ce tsofaffi, to mu ne. Gwiwata ta gode wa ruwan nan.

Maman Ilham:
Na tura wa masu shirya tafiyar saƙo. Sun yarda su cire gidan giyar su rage kuɗinsa, za su kai mu zangon mu wuce Sevan ta can. Sai dai sun ce ranar Asabar za mu bi ta Areni.

Ɗan Fage:
Anti, wace Asabar? Bukin giya na shekara na ƙauyen galibi Asabar ɗin farko ta Oktoba ake yin sa. Ranar titunan ƙauyen kansu ne teburin, ga cunkoson motoci daga Yerevan, ga direbobin da suka ɗanɗana. Ki ce a mayar da ku Litinin ko Talata.

Malam Na Tudu:
Wannan kam ba saɓani a ciki. A sauya ranar.

Abu Sumayya:
Yau dai mun haɗu da Malam a kan abu ɗaya.

Kawu Direba:
Ni tambayata daban ce. Mu da ke gida da koren fasfo, yaya ake shiga ƙasar? Ko sai mazauna Dubai?

Ɗan Fage:
Kawu, lokacin da na nema daga gida sai da makaranta ta turo min takardar gayyata, da ita aka ba ni biza. Masu katin zama na wasu ƙasashe suna samun sauƙi, amma ƙa'idar tana sauyawa, don haka a duba shafin ma'aikatar harkokin wajensu kafin a biya kuɗin jirgi, kada a dogara da bakin dillali. Ta ƙasa kuma daga Jojiya ko Iran kaɗai ake shiga. Kuɗinsu dram ne, a canza a Yerevan a riƙe a hannu, domin masu rumfunan zuma da inabi ba su san kati ba.